Shagon magungunan dabbobin da ya ƙi sayar mini da maganin murar tsuntsaye

A gidanmu da ke ɓangaren Kawo a Kaduna muna da kaji goma da agwagi biyu, kuma agwagin nan ba na yanka ba ne, kyautar kakar yara ce daga Zariya, har autata ta raɗa musu suna tana kai musu ragowar tuwo da hannunta. A tsakiyar hunturun da ya wuce maigidana ya shigo da kaji biyu daga kasuwa muka zuba su cikin akurki ba tare da tunanin komai ba, kafin mako ya zagayo kuwa uku daga cikin namu suka mutu a kwana biyu. A daidai lokacin saƙonni ke ta yawo a WhatsApp game da murar tsuntsaye, don haka na nufi wani shagon magungunan dabbobi da wata maƙwabciyata ta kwatanta mini, wanda likitan dabbobi ne ke da shi, yake kuma zuwa gida idan an kira shi. A kan wannan shago nake son faɗin abin da na gani.

Na shiga da niyyar sayen magani, na ce a ba ni na murar tsuntsaye mai ƙarfi. Likitan ya ce, "Hajiya, ba ni da shi, kuma duk wanda ya ce miki yana da shi kuɗinki kawai yake so." Ya bayyana mini cewa ƙwayar bairos ce ke haddasa cutar, saboda haka kafso ja da rawaya da muke fasawa a ruwan kaji ba ya taɓa ta, haka ma barkono da ɓawon maɗaci da iyayenmu suke jiƙawa. Ya ƙara da cewa tsarin gwamnatin tarayya a kan wannan cuta shi ne a kai rahoto, a gwada, a kashe kajin da abin ya shafa a binne su, don haka ko rigakafinta ba abin da zai ɗauko mini daga kanta ba ne. A gaskiya raina bai so jin haka ba, domin mutum idan ya zo da kuɗi a hannu yana son ya koma gida da wani abu a leda.

Washegari da hantsi ya zo gidan, kuma a nan ne na ga abin da ya sa ake yabonsa. Ya sa safar hannu da takunkumi da takalmin roba kafin ya matsa kusa da akurki, ya hana yara tsayawa, sannan ya duba wadda ta mutu da asuba, wato zankonta da fuskarta da ƙafafunta, yana neman kumburi ko canjin launi zuwa shuɗi-shuɗi ko alamar jini a ƙarƙashin fata. Ya faɗa mini ƙarara cewa da ido kaɗai ba a iya rarrabe murar tsuntsaye da ciwon da muke kira fakat, wanda ya saba share kajin gida duk hunturu, domin dukansu suna kawo mutuwar farat ɗaya da gudawa da wahalar numfashi. Shi da kansa ya kira jami'in kiwon lafiyar dabbobi na gwamnatin jiha, aka ɗauki samfur domin a kai Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, inda ake tabbatar da irin wannan cuta. Da na nuna damuwa a kan shigowar hukuma cikin lamarin kaji takwas kacal, sai ya tuna mini cewa a Jihar Kadunan nan, a wata babbar gonar kaji da ke Jaji a Ƙaramar Hukumar Igabi, aka fara tabbatar da nau'in murar tsuntsaye mai suna H5N1 a duk nahiyar Afirka a watan Fabrairun 2006, kuma cutar ta sake dawowa ƙasar da ƙarfi a 2015, don haka mutanen garin nan ba su da uzurin raina ta.

Abin da ban yi tsammani ba shi ne yadda ya fi mayar da hankali a kan agwagin, alhali su ne ke ta wasa cikin baho lafiya lau. Ya ce agwagwa tana iya ɗauke da ƙwayar cutar ba tare da ta nuna wata alama ba, tana zubar da ita a cikin kashinta da ruwan da take wanka, kaza kuma ta zo ta sha ta mutu. Ya tambaye ni ko suna fita, na ce suna bin kwatar unguwa har gangaren fadama, inda balbela da sauran tsuntsayen daji suke sauka. Nan take ya sa aka raba su da kaji, aka yi musu keji daban da mazubin ruwa daban, aka daina barin su fita, aka kuma hana autata ɗaukarsu tana runguma, abin da ya jawo kuka na kwana biyu a gidan. Game da lafiyar yaran ya yi magana cikin natsuwa, bai firgita ni ba kuma bai ɓoye mini ba: kamuwar mutum abu ne da ba kasafai yake faruwa ba, amma ya taɓa faruwa a Nijeriya, inda wata matashiya ta rasu a Legas a watan Janairun 2007, kuma haɗarin yana ga mai yanka ko fige kazar da ba ta da lafiya. Ya roƙe ni kada mu yi abin da aka saba, wato rige-rigen yanka kaza kafin ta mutu, ya ce nama da ƙwai na lafiyayyun kaji kuma babu matsala idan sun dahu sosai, domin zafin digiri 70 a ma'aunin Celsius yana kashe ƙwayar.

Abin da na saya a ƙarshe kaɗan ne: maganin feshin akurki, safar hannu, da shawarar ajiye kwanon ruwan magani a bakin ƙofa domin tsoma takalmi. Sakamakon gwajin ya ɗauki kwanaki, muna ta zullumi, daga bisani aka ce fakat ne.

Shagon yana da nasa naƙasu, kuma na farko shi ne abin da ke faruwa idan likitan ba ya nan. Na koma wata rana da la'asar na tarar da yaron shagon yana auna wa wani dattijo garin magani a leda, ba tare da ya tambaye shi me ke damun kajinsa ba, irin abin da maigidansa ya gargaɗe ni a kai. Na biyu shi ne rigakafin fakat, wanda ya ɗiga wa kajina a ido bayan da suka murmure: ƙwalba mafi ƙanƙanta da suke da ita ta kaji 200 ce, kuma da zarar an haɗa ta da ruwa sai an yi amfani da ita cikin ɗan lokaci ko a zubar, don haka mai kaji takwas yana biyan kuɗin abin da ba zai mora ba. Na kuma lura firjin da suke ajiye rigakafin yana dogara ne da wutar lantarki da janareto, kuma sai da na tambaya kafin a sa mini ƙanƙara a cikin ledar. Likitan ba ya cika alƙawarin lokaci, ya ce ƙarfe takwas ya zo goma da rabi, ko da yake kuɗin zuwansa gida bai kai farashin zakara ɗaya ba.

Zan ci gaba da zuwa shagon, amma sai na kira na tabbatar likitan yana ciki. Duk kazar da aka sayo yanzu tana yin mako uku a keɓe a bayan ɗakin girki kafin ta haɗu da sauran. Batun ƙwalbar rigakafin kuwa, mun yi magana da matan gidaje shida a layinmu za mu riƙa haɗa kuɗi muna kiransa rana ɗaya duk bayan wata uku, kuma ya amince zai bi gida gida, da sharaɗin zai wanke takalminsa da magani a ƙofar kowace kafin ya shiga ta gaba.