Masauki a Alƙahira: Unguwar Husaini da Azhar ko Madinatu Nasr?

Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya yi wa karatun yaro albarka, ya kai ku lafiya. Tsakanin unguwar Husaini da Madinatu Nasr da ka tambaya, na mako guda kai da Hajiya, ku sauka a Husaini. Tunda ka ce yaron da za ku je gani yana tsangayar Shari'a ta jami'ar Azhar, ma ai magana ta ƙare, domin tsangayoyin Shari'a da Usuluddin da Lugga na maza duk suna unguwar Darrasa ne, jikin masallacin Azhar. Da ƙafa zai riƙa zuwa muku bayan darasi. In kuma a Madinatul Bu'us yake kwana, wato gidan kwanan ɗalibai baƙi da ke wajen Abbasiyya, 'yar gajeriyar tafiya ce a mota ta titin Salah Salim.

Abin da ya sa nake nacewa a kan Husaini shi ne lokaci. Wannan unguwa ba ta nuna kanta da tsakar rana. Daga hantsi zuwa la'asar motocin 'yan yawon buɗe ido ne ke juye mutane, cunkoso da ciniki da hayaniya, wanda ya zo daga nesa a wannan lokacin abin da zai gani ke nan ya koma. Amma ku fito sallar asuba. Ku shiga Azhar ta babbar ƙofar da ake kira Babul Muzayyinin, ku taka farin marmara na tsakar masallacin yana da sanyi a tafin ƙafa, hasumiyar Sarki Ƙayitbai da ta Sarki Guri mai kai biyu suna tsaye a samanku. Bayan an idar za ku ga ɗalibai sun jingina da ginshiƙai suna tilawa, wannan ɗan Indunusiya, wancan ɗan Senegal, ga ɗan Barno, kowa da littafinsa a cinya. Kuna fitowa mai wake ya kafa tulunsa na ƙarfe a bakin lungu yana zuba ful da man zaitun da lemun tsami, yaro ya wuce a kan keke da faifan gurasa a ka, hannu ɗaya a sitiyari. Wannan sa'a ɗaya ta fi yinin mai zuwa daga Nasr gaba ɗaya, kuma ba ta samuwa sai ga wanda ya kwana a nan.

Masallacin nan Jauharus Siƙilli ya fara gina shi a 970, aka fara sallah a cikinsa a 972, kuma har yau ana zaman karatu a ruwaƙansa, wato rumfunan masallacin, kyauta, kowa na iya zama ya saurara. Ka sa yaron ya duba jadawalin darussa, ka zauna ko sau ɗaya ne. Mu mutanen wannan nahiya ba baƙi ba ne a wurin: a cikin ruwaƙan Azhar na da akwai na Barnawa, inda ɗaliban ƙasar Barno ke sauka, kuma tun a ƙarni na 13 sarakunan Kanem suka kafa wa mutanensu makarantar Malikiyya a tsohuwar Alƙahira. A lungunan bayan masallacin akwai masallacin Shehu Ahmad Dardir, malamin Malikiyya da ya rasu a 1786, wanda duk wanda ya yi zurfi a fiƙihu a zaurukanmu ya san sunansa. Minti kaɗan ne da ƙafa, amma lungu ne cikin lungu, sai da ɗan jagora. A nan bayan ne kuma Darbul Atrak yake, layin masu sayar da littattafan addini, shago na bin shago.

Tsallaken titi kuma masallacin Husaini ne da filinsa, da kasuwar Khan Khalili a gefe. Kada ku ce za ku ƙetare titin Azhar ta sama, an yi masa shinge kuma motoci ba sa ɗaga ƙafa. Akwai hanyar ƙafa ta ƙarƙashin ƙasa, ita ake bi. Mata suna da ƙofarsu daban a Husaini, don haka ku yi alkawarin inda za ku haɗu da Hajiya kafin ku rabu, kuma kowa ya riƙe takalminsa a leda. Masu ajiyar takalma suna nan, ana ba su ɗan canji, sai dai in kun fita ta wata ƙofar sai kun zagayo.

Titin Mu'izz ku ba shi yamma biyu, kada ku haɗa shi a rana ɗaya. Tsawonsa kamar kilomita guda ne, daga Babul Futuh a arewa zuwa Babu Zuwaila a kudu, kuma titin Azhar ya raba shi biyu. Yammar farko ku yi arewa: ginin Sarki Ƙalawun na 1285 da makaranta da asibiti da kabarinsa, sai ku karkata Darbul Asfar ku shiga Baitus Suhaimi, gidan zama na 1648. Shi ne zai nuna muku yadda masu hali ke zaune a da, da tsakar gida mai inuwa, da tagogin katako masu ƙananan ramuka da mata ke leƙen waje ba a ganin su, iska kuma na shiga ta sanyaya ɗaki. Ku ƙarasa masallacin Hakim ku yi magariba, Babul Futuh na 1087 yana nan gefensa. Yamma ta biyu ku yi kudu: gine-ginen Guri, kasuwar yadi, Babu Zuwaila na 1092, da rumfar masu ɗinkin tanti a bayanta. Hasumiyar Zuwaila ana hawa, amma matakalarta ƙunci ne da duhu, ban ba Hajiya shawarar ta gwada ba. Masallatan da ake sallah a ciki kyauta ne. Gidajen tarihi kuwa da tikiti, kuɗin baƙo ya fi na ɗan ƙasa, kuma da yawansu yanzu kati suke karɓa ba tsabar kuɗi ba. Ka tabbatar kana da katin da ke aiki a waje tun daga gida. Ranar da ƙafa ta gaji, lambun Azhar da aka buɗe a 2005 yana kan tudu gabas da unguwar, ana biyan kuɗin shiga, a zauna a hango hasumiyoyin birnin har zuwa ganuwar Salahuddin.

Ba na ɓoye maka aibin wurin. Otal-otal ɗin unguwar yawancinsu tsofaffi ne ƙanana, kuma mutanen nan ba sa barci da wuri: ɗakin da tagarsa ke kallon filin Husaini zai yi kyau a hoto, amma har ƙarfe biyun dare ana kaɗa kofin shayi a ƙarƙashinku. Ku nemi ɗaki na baya. Kafin a biya ko sisi, yaron ya je da kansa ya kira ka ta bidiyo, ya hau lif ya sauko, ya buɗe famfo ya jira ruwan zafi ya zo, ya kunna na'urar sanyaya ɗaki, ya rufe taga ya ji ko ƙara na shigowa. Ya biya kwana ɗaya ko biyu tukuna, in ya yi muku ku ƙara. Ya kuma duba ko mota na isa ƙofar masaukin, domin lunguna da yawa ba sa ɗaukar mota, titin Mu'izz ma ana hana motoci shiga yawancin yini, kada ku sauka daga jirgi ku kama jan akwati a kan duwatsu. Masaukin da ke bakin titin Azhar ko ɓangaren Darrasa ya fi sauƙi ta wannan fuska. Lokaci biyu ne samun ɗaki ke wuya: watan azumi, da ƙarshen Rabi'us Sani lokacin maulidin Husaini, da mutanen karkara ke cika unguwar maƙil har su kafa tantuna a lunguna.

Madinatu Nasr kuwa, to, wurin kwana ce. An gina ta a shekarun 1960, dogayen benaye da faffaɗan tituna, ta fi kusa da filin jirgi, gidajen haya masu kaya a ciki sun fi yawa kuma sun fi faɗi. Can ne sabon harabar jami'ar take, inda tsangayoyin likitanci da injiniya da na mata suke, bayan dokar 1961 da ta shigo da ilimin zamani Azhar. 'Yan Najeriya da yawa suna Hayyul Ashir, ba za ku rasa mai tuƙa tuwo ba. Amma mai sauka can alhali zuciyarsa na Azhar kamar wanda harkarsa ke Taminus a Jos ne ya je ya kama ɗaki a Bukur: kullum yana hanya. Rabin sa'a in titi a buɗe yake, sa'a guda ko fiye in an tashi daga aiki, zuwa da dawowa, kwana bakwai. Asubar Azhar kuwa sai dai labari.

Sharaɗi uku ne kawai za su sa in ce ku koma Nasr: in Hajiya na fama da gwiwa ko numfashi, domin tsohuwar unguwa akwai matakala da ƙura da hayaƙi, in za ku haɗa da ganin likita kuma asibitin yana can, ko in tafiyar ta faɗo ƙarshen Janairu kuma baje kolin littattafai na Alƙahira ne babban burinka, tunda yanzu a Sabuwar Alƙahira ake yin sa, Nasr ta fi kusa. In hakan ta kama, ka sani gidan haya ta hannun dillali ake samu, yana da ladansa, mai gida kuma zai riƙe kuɗin ajiya. A rubuta komai a takarda, a ɗauki hoton kayan gidan da mitar wuta ranar shiga, in ba haka ba ranar fita za a nuna maka tsohuwar tsaga a kujera a ce kai ka yi, a cinye ajiyar.

Ba ka tambaya ba, amma sai na faɗa, don a nan ake cutar mutanenmu. Duk wanda ya tare ka a bakin Khan da fara'a yana cewa "Najeriya, ahlan", ya ce masallaci a rufe yake yanzu ka zo ya nuna maka shagon ɗan'uwansa, ɗan kamasho ne, kuma kamashonsa a cikin kuɗin da za ka biya yake. Ka ce "shukran" ka wuce, kada ka tsaya bayani. Turare ana sirka shi da mai marar ƙamshi: a shafa maka a bayan hannu, ka tafi ka yi sallah ka dawo, in ƙamshin na nan ka saya, kuma a zuba maka daga kwalbar da ka gwada a gabanka, ba wadda aka ɗauko daga ciki a naɗe ba. Azurfa da zinariya Hajiya ta nemi hatimin gwamnati a jiki, a auna a gabanta, a ba ta rasit mai nauyi da kuɗin aiki daban. Farashin farko a Khan ba farashi ba ne; kayan tsaraba irin su jallabiya da gyale da carbi sun fi araha a Guriyya da Muski, inda 'yan gari ke saye. Ka bar yaron ya yi ciniki kai ka yi shiru, da zarar an ji Larabcin littafi a bakinka kuɗi ya hau.

Littattafai ma akwai nasu. Bugu ɗaya na littafi yana iya zama kala uku: na asali, da wanda aka ɗauki hotonsa aka buga a takarda mai arha, da wanda aka cika shi da kurakurai. In mai mujalladi da yawa ne, a kwance ledar a shagon, a ƙirga mujalladan, a bi lambobin shafi a tsakiyar kowanne, domin akan samu an tsallake shafi goma sha shida cur ko an maimaita su, kuma ba za ka gane ba sai ka dawo Jos. Yaron ya tambayi malamansa wane bugu ne ingantacce kafin ku fita. Littafi yana da nauyi fiye da yadda ido ke gani. Ka duba kilo nawa tikitinka ya ba ka, abin da ya haura a ba masu kago, a karɓi rasit da lambar wanda zai miƙa maka a Kano ko Abuja.

Canjin kuɗi a banki ko shagon canji mai lasisi kawai, da fasfo a hannu. Canjin bayan fage laifi ne a Masar, ana kama mutane a kansa, kuma tun da aka saki farashin fam, kuɗin Masar, a Maris na 2024 ribar da ake kwaɗayi a ciki ta kusa ɓacewa. Ka zo da dala sababbi marasa yagewa, ka canza kaɗan-kaɗan, ka tara ƙananan takardu don mota da shayi. Layin waya a saya a filin jirgi ko ofishin kamfani da fasfo ɗinka, kada a karɓi wanda aka yi wa rajista da sunan wani. Mota kuwa Uber ta fi kwanciyar hankali tunda kuɗin a rubuce yake. In farar tasi ce, a kunna mita kafin a tashi. Jirgin ƙarƙashin ƙasa yana da tasha a Ataba da Babush Sha'ariyya, daga nan a ɗan taka ko a hau ƙaramar mota, kuma akwai taragon mata zalla in Hajiya ta fi so.

Jirgin EgyptAir yana tashi kai tsaye daga Abuja, tafiyar kamar sa'a biyar ce. Ku baro Jos kwana ɗaya kafin ranar, kada ku dogara da hanyar Akwanga a ranar tashi, kuma biza da katin rigakafin shawara su kasance a jakar hannu. In Disamba zuwa Fabrairu ne ku ɗauko rigunan sanyin da kuke sawa a gida lokacin hunturu, har da safa, domin gine-ginen dutsen nan suna riƙe sanyi kuma ba a dumama su. Ranar Juma'a ku shiga Azhar sa'a ɗaya da rabi kafin huɗuba in kuna son wuri a ciki, ku ci abinci tukuna, don yawancin shaguna ba sa buɗewa sai an sauko.