Wane mukayyif (na'urar sanyaya ɗaki) ya kamata ka saya kafin zafi ya kankama?

Tun daga shekarar 2018 da aka sauya farashin wuta a Saudiyya, gida na biyan halala 18 (halala 100 ne riyal ɗaya) kan kowane yunit har zuwa yunit 6,000 a wata, abin da ya haura nan kuma halala 30, ga haraji a kai, wanda ya koma kashi 15 cikin ɗari tun 2020. Duk wanda ya yi bazara a Makka ko Jidda ya san mukayyif ne ke cinye mafi yawan kuɗin nan. Kamfanin wuta kuwa ya gama sanya mitoci na zamani kimanin miliyan 10 tun 2021, suna aika lissafi da kansu, fatura ta same ka a waya. Saboda haka kuɗin da za ka miƙa a shago somin taɓi ne, babban cinikin yana zuwa wata-wata.

Na taga, wato shubbak, shi 'yan uwa suka fi sabawa da shi, musamman a tsofaffin gidajen Misfala da Shari'ul Mansur, inda raminsa ke nan a bango. Yana da araha, kowane mai gyara ya san cikinsa, ranar tashi daga gida mutum biyu sun ɗauke shi. Amma ga ƙara, ga shan wuta. Mai tan ɗaya da rabi (tan shi ne ma'aunin ƙarfin sanyayawa) na jan kusan kilowat 2. In injinsa ya yi aikin awa 12 kullum, yunit 720 ke nan a wata, kusan riyal 130 kafin haraji, ɗaki guda kawai. Tsohon da ake saya a kasuwar haraj, wato ta kayan hannu, yakan fi haka ci, sanyin kuma bai kai ba. Ni ban ba kowa shawarar sa na taga ba, sai wanda zamansa na 'yan watanni ne.

Sibilit, wato mai kashi biyu, ɗaya cikin ɗaki ɗaya a waje, iri biyu ne, kuma nan ake ruɗa mutane. Akwai wanda injinsa ke tashi da cikakken ƙarfi, ya mutu, ya sake tashi. Akwai mai inbata, wanda in ɗaki ya yi sanyi sai ya rage gudu ya ci gaba a hankali, nan ne ragowar wutar take. Ya fi tsada, ga kuɗin ɗaurawa da bututun tagulla da huda bango, wanda sai mai gida ya yarda. In allon lantarkinsa ya ƙone gyaran ba wasa ba ne, don haka ka tambayi garanti a rubuce, na kwamfuresa daban, na sauran kayan daban. Duk da haka, mai iyali da zai shekara uku ko fiye a gida ɗaya, mai inbata ya fi masa. Ballantana inda gidaje biyu ko uku ke kan mita ɗaya, domin su ne ke saurin tsallake 6,000 su faɗa farashin halala 30.

Sahrawi, mai aiki da ruwa da fanka, wutarsa kaɗan ce ƙwarai, amma sai inda iska ta bushe irin Riyad da Ƙasim. A Jidda ɗaki zai jiƙe maka kawai.

Ko wanne ka zaɓa, tsaya ka karanta takardar nan mai launi da ke manne a jikinsa, daga kore zuwa ja. Tana nuna yunit nawa yake sha a shekara. Ka ninka da halala 18, ka kwatanta guda biyu a gaban mai shago. Ka kuma tambayi ƙarfinsa a ma'aunin T3, wato a zafin digiri 46, don shi ne ya yi daidai da ranar Makka. Kada girma ya ruɗe ka: mai tan 2 a ƙaramin ɗaki kashewa da kunnawa zai yi ta yi, ƙarami a babban falo kuwa ba zai huta ba. Auna ɗakin kafin ka fita, ka faɗa musu ko saman bene ne da rana ke duka.

Bayan an ɗaura, a bar shi a digiri 24, a riƙa wanke rariyarsa duk sati biyu saboda ƙura, a toshe ƙasan ƙofa. In gidan tsoho ne, a kira mai wuta ya duba layin kafin a jona, domin har yanzu akwai gidaje masu soket na 127 kusa da na 220.