Aikin Hanci: Na Ƙarƙashin Leɓe, Na Kyamara, Ko Na Balan-balan?

'Yar'uwa, kin ce shekara biyu ke nan hancinki a toshe, ba kya jin ƙanshin girkinki, in kin yi sujada kai ya yi miki nauyi kamar an ɗora dutse. Likita ya duba ya ce nama ya tsiro, sai an yi aiki. Kin tsorata saboda ta ƙarƙashin leɓe aka yi wa kawunki, har yau kuncinsa bai dawo daidai ba. Kin kuma ji ana zancen wani da ake yi da balan-balan, kina son sanin wanne ya fi. Allah Ya ba ki lafiya.

A cikin ƙasusuwan fuska akwai kogunan iska, huɗu a kowane ɓangare: na kunci, na goshi, na tsakanin idanu, da wani can ciki a bayan hanci. Kowanne da 'yar ƙofarsa da majina ke bi ta fito. In ƙofar ta kumbura ta rufe, majina ta taru, ciwon ya haura mako 12, shi ne ake kira ciwon kogunan hanci mai daɗewa.

Wanda aka yi wa kawu tsohon aiki ne, Caldwell-Luc. Sunan likitoci biyu ne, Ba'amurke da Bafaranshe, da suka bayyana shi a 1893 da 1897. Ana ɗaga leɓen sama, a yanka dasashi a saman fiƙa, a huda ƙashi, a shiga kogon kunci kai tsaye a kankare abin da ke ciki. Likita yana ganin kogon sarai, amma kogon kuncin ne kawai a gabansa. Fuska takan kumbura kwanaki, kuma jijiyar da ke sa mutum ya ji taɓi a kunci, leɓe da haƙoran sama tana nan kusa. In ta taɓu, wurin ya yi dindiris. Wani ya warke a watanni, wani ya zauna da shi. Aikin dai bai mutu ba, har yanzu ana komawa gare shi idan akwai ciwon ƙari, ko saiwar haƙori ta faɗa kogon, ko wani lungu da kyamara ta kasa kaiwa.

Na kyamara, wanda likitoci ke kira FESS, ya samo asali ne daga wani abu da wani likita, Walter Messerklinger, ya lura da shi a birnin Graz na Ostiriya. Bangon kogon yana da ƙananan gashi da ido ba ya gani, masu share majina, kuma ƙofar asali kaɗai suke kai ta. Ko an huda musu sabuwa a ƙasa, sai su zagaye ta, kamar tururuwar da ta san hanyar raminta. To me ya sa za a fasa bango, alhali ƙofar ce ta toshe? A 1985 wani likita, David Kennedy, ya yaɗa aikin a Amurka da wannan suna.

Ta ƙofar hanci ake shiga da siririn bututu mai haske, kaurinsa milimita 4, likita yana kallon allo. Zai cire tsiron, ya faɗaɗa ƙofofin, ya bar lafiyayyen bangon yadda yake. Babu yanka a fuska, babu tabo, kuma ana iya kaiwa ga duka kogunan huɗu a zama ɗaya. Yawanci da allurar barci ake yi, a kwana ɗaya ko a koma gida a ranar. Ba zan ɓoye miki haɗarinsa ba: ƙashin da ya raba kogon tsakanin idanu da ido siriri ne kamar takarda, sama da shi kuma ƙasan ƙwaƙwalwa ne. Ba kasafai ake taɓa su ba, amma shi ya sa ba a yin wannan aiki sai da hoton siti sikan, mai nuna cikin kogunan, a gaban likita, kuma hannun da ya saba ake nema.

Na balan-balan shi ne auta, a 2005 aka amince da shi a Amurka. Ana zura 'yar waya a ƙofar kogon, a hura balan-balan na ɗan lokaci ta buɗe, a zare. Jini kaɗan ne, warkewa da wuri. Sai dai ba ya cire komai, ba ya taɓa tsiro, kuma ba ya aiki a kogon tsakanin idanu, inda tsiron ya fi fitowa. Kayansa sau ɗaya ake amfani da su, don haka yana da tsada.

A yadda kika bayyana, ni na kyamara nake ganin ya dace da ke. Balan-balan ba zai yi wa tsiro komai ba, kuma ban ga dalilin yanka dasashinki ba sai in hoton ya nuna wani abu daban. In kina son ƙarin ido ya duba, akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna, wadda ke duba hanci da maƙogwaro ma, da asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano.

Abin da ya fi damuna shi ne bayan aikin, don nan mutanenmu ke sakaci. Tsiro yana dawowa, musamman ga mai asma. Aikin hanya yake buɗe wa magani, sai a ci gaba da wanke hanci da ruwan gishiri, wanda aka tafasa ya huce, da feshin da likita ya rubuta, watanni ko fiye. Makonnin farko kada ki fyace da ƙarfi, ki tambayi likita yadda za ki yi da shaƙa ruwa a alwala, ki kuma koma a cire ɓawon da ke taruwa a ciki. In lokacin hunturu ne, takunkumi kada ya bar fuskarki a waje.

Ba ki faɗa ba ko duka ɓangarorin ne suka toshe. In ɗaya ne kawai, ko yana zubar da jini, ki gaya wa likita tun yanzu, kuma ki tabbatar an kai naman da aka cire ɗakin gwaji.