Rediyon mota na hannu a keke ko mota mai caji: wanne ya kamata ka ɗauko?

Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, keke mai ƙafa uku mai caji ya fara leƙowa garuruwanmu. Ƙanena da ke jigila tsakanin Ringim da ƙauyukan kewaye ya sayi ɗaya. Tafiyarsa shiru, har fasinjoji suka dame shi da "Direba, ba ka da rediyo ne?" Ya je ya sayo rediyon mota na hannu, wato wanda aka taɓa amfani da shi, wani mai gyara ya jona masa kai tsaye a batir. Ko tasha ɗaya bai kamo ba ƙauri ya tashi. Na ji zafin asarar nan, domin kuɗin yini biyu ne na yaron.

Don haka kafin ka taya rediyo, fara sanin ƙarfin wutar abin hawanka. Rediyon ƙaramar mota bolt 12 yake ci, na manyan motoci wasu 24. Batirin keke mai caji kuwa yawanci 48 ne, ko 60, ko 72. Dole a sa kwanbata a tsakani, 'yar na'urar da ke sauko da wutar zuwa 12. Nemi mai amfiya 10, ka sa fiyus. Akwai 'yan rewaya da za su ce maka, "Ai batira biyar ne a jere, mu ɗiba daga guda." Kada ka yarda, Alhaji. Wancan gudan zai riƙa ƙarewa kafin 'yan'uwansa, ya mutu da wuri, ya ja sauran. Ka ceci kuɗin kwanbata, ka yi asarar batir.

Mai mota irin Nissan Leaf ba ya da wannan damuwar, don tana da ƙaramin batir na bolt 12 kamar kowace mota. Tasa matsalar daban ce: a yawancinsu allon rediyon ne ke nuna bayanin caji da na na'urar sanyaya ciki. In ka cire ka sa wani iri, waɗannan sun tafi. Shi kam ya nemi irin nata sak, ya gwada lambar da ke jikin tsohon da ta sabon.

A Kofar Ruwa za ka tarar da rediyon da aka ciro daga motoci 'yan Kwatano jibge. Suna da ƙarko, muryarsu garau, amma a nan tarko ya fi yawa. Wanda aka yi don kasuwar Japan, FM ɗinsa yawanci daga 76 zuwa 90 yake tsayawa, alhali tashoshinmu tsakanin 87.5 da 108 suke. Za ka kama Dala FM a 88.5, amma Freedom a 99.5, Rahama a 97.3 da Arewa a 93.1 sai dai ka ji labari. Na Amurka yana kama waɗannan duka, sai dai a zangon AM yana tsallake goma-goma ne, namu kuwa tara-tara, don haka ba zai zauna daidai kan 729 na Rediyon Kano ba. Wasu kuma, musamman na Honda, da zarar an raba su da batir sai sun nemi lambar sirri. In mai kaya ba shi da ita, ajiye masa abinsa.

Ni dai in aka bar ni da zaɓi, na fi son na hannu ƙirar Pioneer, Sony ko Kenwood, waɗanda ake sayarwa daban ba tare da mota ba. Yawancinsu girmansu ɗaya ne, faɗi santimita 18, tsayi 5, kuma launin wayoyin sananne ne: rawaya wuta ta dindindin, ja ta makulli, baƙa ta ƙasa. Kowane ɗan rewaya a Gumel ko Ɗambatta zai gane su. A keke, a bi da kwanbatar ta makulli don kada ta yi ta tsotsar batir cikin dare, ko da hakan zai sa rediyon ya riƙa manta tashoshin da ka ajiye.

Sababbi 'yan Chana masu Bluetooth da wurin memori sun fi araha, kuma sun wadatar ga mai son karatu da wa'azi daga waya. Kamun tasharsu ne ba ƙarfi in ka yi nisa da Kano ko Dutse.

Maganar AM kuma, kada ka ɗora buri. Injin lantarki da na'urar da ke sarrafa shi suna haddasa ƙugi a wannan zangon, shi ya sa BMW ta fitar da i3 ba tare da AM ba. Nesanta wayar eriya da manyan wayoyin batir yana ragewa.

Ranar saye, sa mai kaya ya jona maka a batir a gabanka, da eriya da lasifika. Murɗa har 108, saurari kowane ɓangare na lasifika, shinshina bayansa ko akwai ƙauri, duba ko an taɓa kwance shi. Sannan ku yi magana a gaban shaida cewa in ka ɗaura a keke, ka taka, ƙugi ya hana ji, za ka dawo da shi.