memtester ko stressapptest: wanne zai kama ɓarawon da ke cikin Raspberry Pi?

Wani ɗan uwa a zauren nan ya ce Raspberry Pi 4 ɗinsa, 'yar ƙaramar kwamfutar nan mai allon lantarki guda, tana daskarewa bayan awa uku ko huɗu tana aiki, wani sa'in ta mutu ta tashi da kanta. Yana zargin RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, yana tambaya da wace manhaja zai gwada ta, memtester ko stressapptest.

Malam, kowanne da irin ciwon da yake ganowa.

memtester mai bin diddigi ne. Yana kama wani yanki na RAM ya kulle, ya rubuta sifili da ɗaya a tsari iri-iri, ya karanta ya ga ko abin da ya ajiye shi ya tarar. Idan wani gurbi ya lalace ɗungurungum, zai nuna maka. Ka rubuta sudo memtester 1G 5, wato giga ɗaya, zagaye biyar. Amma a hankali yake tafiya da ƙwaƙwalwar furosesa guda, ba ya wahalar da allon Pi ɗin sosai, kuma ba ya taɓa yankin da Linux ke zaune a ciki.

stressapptest, wanda ya fito daga Google, ɗan hargitsi ne. Yana sa duk ƙwaƙwalen furosesa huɗu su riƙa kwasar bayanai suna juyewa a lokaci guda, allon ya ɗau zafi, ya ja wuta iya ƙarfinsa. A nan ne RAM mai lafiya a sanyi take fara tuntuɓe. stressapptest -s 3600 -M 1024 -W zai yi awa guda cur. Alamun da ka faɗa, na mutuwa bayan an jima ana aiki, sun fi kama da nasa fagen. Ni da shi nake farawa.

Memtest86+ kuwa, wata manhajar gwajin RAM, kar ka wahalar da kanka, na kwamfutocin Intel da AMD ne, Pi kuma ARM ce.

Sai dai kafin duka biyun, duba wuta. Na taɓa ɓata kwana biyu ina zargin RAM: memtester ya wuce lafiya lau, stressapptest ya kashe allon cikin 'yan mintoci. Ashe cajar waya ce da siririyar igiya. Pi 4 tana son bolt 5 da amfiya 3, kuma da zarar wuta ta yi ƙasa da bolt 4.63 sai ta fara ƙorafi. Rubuta vcgencmd get_throttled. In ka ga 0x0, lafiya. In ka ga 0x50000 ko 0x50005, wuta ta gaza, kuma duk sakamakon gwajin RAM a wannan hali ba abin dogaro ba ne. Zafi ma haka: daga digiri 80 take rage gudu, kuma allon da aka rufe a kwali a zafin Afrilu ba ya daɗewa bai kai nan ba.

Ka leƙa dmesg, umarnin da ke nuna saƙonnin da Linux ke rubutawa game da na'urar. Idan akwai "Out of memory", RAM ba ta lalace ba, manhajarka ce ke cinye ta ba ta saki. Katin memori da ya gaji ma yana kawo daskarewa iri ɗaya, sai ka canza wani ka gani.

In wuta ta tsaya, zafi bai kai ba, kuma memtester ya ci gaba da nuna kuskure, to RAM ɗin ce. A Pi 4 liƙe take a jikin allo da dalma, ba a zare ta kamar ta laftof, sai dai sabon allo.