Madubin hangen nesa 10x42, wata uku ina yawo da shi bakin tafki

Masu tambayata kan madubin nan da na saya a Kano, to ga abin da na gani. Kamfanin ba wani sananne ba ne, mai shagon dai har rantsuwa ya yi wai irin na sojoji ne, na yi dariya na biya, kuɗin ya kusa na buhun shinkafa.

Lambar da ke jikinsa, 10 ɗin na nufin yana jawo abu kusa sau goma, 42 kuma faɗin gilashin gaba ne a milimita, shi ya sa ko da sassafe kafin rana ta ɗago kana gani tas. Ranar da ya fi burge ni a wani ɗan tafki ne bayan gonar shinkafar kawuna wajen Nguru, cikin Fabrairu, lokacin baƙin tsuntsayen da ke gudo sanyin Turai suna nan cike da fadama ba su koma ba tukuna. Da ido kawai sai ka ce duk agwagi ne iri ɗaya, amma ina kara shi a ido wallahi sai ga farar fuskar kirinjijiya ɓaro-ɓaro, ga dinya tana kiwo a gefe, can tsakiyar ruwa kuma ƙananan agwagin nan da Turawa ke ce wa garganey, namijin da farin layi daga saman ido har ƙeya kamar an zana masa da alli. Kawu da ya tsufa yana korar tsuntsu daga gona ya karɓa ya leƙa, ya yi shiru, can ya ce "ɗan nan, ashe ɓarayin shinkafar tawa 'yan kwalliya ne", da ƙyar na ƙwaci abuna.

Matsalarsa kuwa, da muka shiga kwalekwale wajen Dagona, mafakar tsuntsayen ruwa a jihar Yobe, abin ya zama wahala, ruwa na ɗan motsawa hoton sai rawa, har jiri na ji, ga ciyawar kacalla ta tare ko'ina. Mai shiga jirgi gara ya nemi 8x42, bai kai wannan girgiza ba. Igiyar wuyan siririya ce tana cin fata, murfin gilashi ɗaya tuni yana ƙasan tafki, ƙurar hunturu kuma ta shige ƙarƙashin abin da ake murzawa a daidaita hoto, yanzu sai ƙiii yake yi. Kuma don Allah kar ku goge gilashin da bakin riga, ni na yi, ga zanen nan a na hagu har yau.