Hattara da masu sayar da mahaɗin kacar keke na jabu

Jama'a masu hawa keken giya, musamman waɗanda suka sayi na gwanjo, ku kula. Akwai masu talla a Facebook da zaurukan WhatsApp da ke sayar da ɗan ƙarfen nan mai haɗa bakin kaca biyu ba tare da an buga fil ba. Sai su ɗora hoton kwalin KMC ko Shimano, su ce na asali ne, su karya kuɗi, sannan su ce a tura kuɗin tukuna za a ba direba a tasha. Wani ya tura, shiru kake ji, an toshe lambarsa. Wanda kuwa kayan suka iso masa, sai ya ga an ƙullo su a leda, babu kwali, rubutun jikinsu ma da ƙyar ake karantawa. Ni a ganina gara wanda aka cinye wa kuɗi a kan wanda ya ɗaura wannan a kekensa.

Inda ƙaryarsu take fitowa fili shi ne cewar da suke yi wai yana shiga kowace kaca. Babu irin wannan. Tazarar fil zuwa fil ɗaya ce, rabin inci, amma faɗi ya bambanta. Kacar giya 8, wato ta keke mai jerin haƙora takwas a baya, ta ɗan haura milimita 7, ta giya 11 kusan milimita 5.5 ce, ta 12 ma ta fi siranta. Ka sa mai faɗi a siririyar kaca, zai riƙa gogar haƙoran giya yana tsalle. Mai siranta kuma ba zai rufu daidai a kan mai kauri ba. Shi ya sa kamfanonin kirki ke yin na kowace giya daban.

Ƙarya ta biyu, wai ka cire ka mayar iya son ranka. SRAM, mai ƙera kayan keke, da kanta ta ce mahaɗinta PowerLock na giya 10 zuwa 12 sau ɗaya ake ɗaura shi. Haka Shimano ta ce game da nata mahaɗin, SM-CN900-11. Dalili kuwa akwai ɗan tudu a bakin ramin da fil ke shigewa, kuma duk buɗewa yana cinye shi. Akwai dai waɗanda ake iya maimaitawa, kamar PowerLink na SRAM na giya 8 da 9, da Connex na kamfanin Wippermann na Jamus.

Na gaske na SRAM ko Shimano na giya 11 ko 12 ba ya rufuwa da yatsa. Sai ka juyo da shi saman kaca, ka matse birkin baya, ka taka feda da ƙarfi, ka ji ƙas! Idan ya zame ya rufu salin-alin, ko fil ɗin na motsi a jikin farantinsa, cire shi. Irin wannan ba a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya yake ba da kai ba, sai ka miƙe tsaye a kan feda kana hawan gada, mota na bayanka, ƙafa ta tafi wayam.

Masu Phoenix da tsohon Raleigh marasa giya, naku daban ne, mai ƙulli irin na sifirin, kada a ruɗe ku da wannan.

Kafin ka biya, ƙirga haƙoran giyarka na baya jeri nawa ne, ka tafi da keken wurin mai gyara, a buɗe kwalin a gabanka. Mai tallan da ya ƙi a biya bayan an ga kaya, ɗauki hoton shafinsa ka watsa wa 'yan'uwa.